Abin da Yaya Ya Faɗa Mini Ranar Alhamis

Lahadi, 7:10 na safe

Muryata ta dishe. Jiya muka yi tattakin goyon bayan Malama, kuma ba yabon kai ba, ya yi kyau. Daga bakin asibiti har shataletale, riguna kore shar, kwalaye a sama. 'Yan jarida biyu suka zo, ɗaya da kyamara. Ni aka miƙa wa makirufo, na yi magana minti huɗu ban sarƙe ba. Lauya ya ce, "Sakatariya, yau kin gama da su." Ba lauya ba ne, shekara biyu ya yi a karatun shari'a ya gudo, sunan ya bi shi. Shi ne shugabanmu.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don nan gaba. Makarantar da 'yata take, iyaye ne suka gina ta, don haka iyaye ke jefa ƙuri'a kan malamin da za a riƙe da wanda za a sallama. Malamar kimiyya ta zana jikin mace a allo, ta yi wa 'yan matan aji biyu bayanin al'ada. Shi ke nan laifinta. 'Yata ta dawo ran nan ta yi mini tambayoyin da ni ban taɓa iya yi wa Inna ba, kuma na ji daɗi. Wasu iyayen kuwa kansu ya ɗau zafi. Asabar mai zuwa za a yi ƙuri'a, ko Malama ta zauna ko ta tafi. Ba ta da wani aikin, kuma ita ke riƙe da mahaifinta da ba ya iya tashi.

Wanda ke jan masu cewa ta tafi, yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai gyaran famfo. Shekara tara yana sakataren ƙungiyar iyaye, don ba wanda ke son aikin.

Jiya ma an yi taron iyaye, daidai lokacin tattakinmu. Ba mu je ba.

Lahadi, 4:00 na yamma

Na kalli kaina a bidiyon sau shida. Maganar ranar Alhamis kuwa ba zan rubuta ta ba.

Talata, 1:30 na rana

Mutum dubu uku da ɗari biyu sun sa hannu a takardarmu ta intanet. Na nuna wa Oga a kemis ɗin da nake aiki, muna jera maganin tari a kanta. Ya sauke tabarau ya duba, ya ce, "Madalla. A cikinsu nawa ne ke da ɗa a makarantar?"

Na ce ba nan take ba, magana ce ta 'yancin yara mata.

Ya ce, "Haka ne. Miƙo mini kwalin can."

Na wuni ina jin haushinsa.

Laraba, 6:45 na yamma

Da nake dawowa na hangi Yaya a ƙofar gidan wata mata cikin iyayen makarantar, wadda mijinta ya karye a ƙafa. Shi da tsofaffi mata biyu, zaune a benci. Ya gyara mata famfon tsakar gida, wandonsa jiƙe har gwiwa, suna hira kamar ba abin da ke gabansu. Na ga ya zaro wani guntun kwali daga aljihu ya yi rubutu. Na san kwalin nan. A nan yake rubuta wanda za a ɗauko a mota ranar taro, da wanda sai an samo mai zama masa da yara.

Su fa ko suna ba su da shi. Ba riga, ba tambari, ba shafi a intanet. In ka tambaye su, sai su ce, "Mu iyaye ne." Mu kuwa zama uku muka yi kafin mu yarda da launin riga, har mutum biyu suka yi fushi suka fita saboda sun so shuɗi.

Na bi ta bayan layi don kada ya gan ni.

Daga nan na wuce zamanmu a falon Lauya. Awa biyu ana gardama a kan ko sunan wa zai fara zuwa a ƙasan sanarwa. Sau biyu na buɗe baki zan yi magana. Sau biyu na sha ruwa.

Juma'a, 8:00 na safe

Gobe ne.

Asabar, 5:20 na yamma

Mu talatin da ɗaya muka je, duka da 'ya'ya a makarantar, duka cikin kore. A bakin ƙofar zauren akwai tebur, a kan teburin akwai littafin halarta, a bayan littafin akwai Yaya.

Shugaban iyaye, wani tsohon direba, ya karanta dokar da ƙarfi: ba mai jefa ƙuri'a sai wanda ya sa hannu a ɗaya daga cikin taruka uku na ƙarshe. Aka buɗe littafin ana bin layi da yatsa. Ko ɗayanmu babu. Ni rabona da taron iyaye tun 'yata tana aji ɗaya, ranar da aka kwashe awa guda ana maganar fentin banɗaki, na rantse ba zan sake ba.

Lauya ya yi ta ɗaga murya, Turanci na zuba. Wata a cikinmu ta ɗauki bidiyo. Yaya yana zaune a bayan teburinsa. Sau ɗaya ya ɗago ya dube ni, sannan ya mayar da kai kan littafin.

Ta taga muka kalli ƙirgen. Talatin da takwas sun ce ta tafi. Ashirin da ɗaya sun ce ta zauna, iyayen da ba mu ma san da su ba, ba mu taɓa gayyatarsu zama ba.

Malama tana zaune a kujerar gaba da jakarta a cinya. Da aka gama ta miƙe ta gaishe da shugaban, ta fita ta ƙofar baya.

Lahadi, 11:00 na safe

Ban fita ba.

Litinin, 6:15 na safe

Ashirin da ɗaya a tara da talatin da ɗaya, hamsin da biyu. Na yi lissafin nan a kan fatar hannuna, na yi shi a bayan takardar magani. Ba ya canzawa.

To, bari in rubuta, tunda littafin nan nawa ba ya da baki.

Ranar Alhamis, kwana biyu kafin tattakin, Yaya ya shigo kemis. Bai sayi komai ba. Ya jira na sallami mai ciwon haƙori, sannan ya ce, "Auta, ki gaya wa mutanenki su zo taron jibi su sa hannu. Wanda bai sa hannu ba, ba ya zaɓe. Doka ce tun kafin in karɓi littafin. Jibi ne na ƙarshe."

Na ce, "Wato mu watsar da tattakinmu, mu zo mu zauna kuna maganar banɗaki? Yaya, dabarar nan ta yi tsufa."

Ya ce, "Ba na son aikin matar nan a makarantar, kin sani. Amma ba na son a ce mun ci ku ta bayan gida. Ni dai na faɗa miki."

Ya fita. Ban gaya wa kowa ba.

Kwana goma ina gaya wa kaina cewa na ɗauka wayo ne. Rabi gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ne na riga na goge rigata, an riga an ce mini ni ɗan jarida zai yi wa tambayoyi, kuma ni na sa ranar tattakin da kaina. Na ce a raina, wa ya isa ya hana mutum talatin shiga zaure? Ashe tebur ɗaya da littafi ɗaya sun isa.

Kunya nake ji. Irin wadda ko madubi ba na son wucewa ta gabansa.

Laraba, 7:00 na yamma

Lauya ya samo hanya. Akwai kwamitin amintattu a saman ƙungiyar iyaye, dattawa uku. In aka nuna musu cewa an ɓoye mana dokar, za su iya soke ƙuri'ar a sake. Ya rubuta ƙorafi shafi huɗu. A shafi na biyu an ce sakataren iyaye ya san muna shirin zuwa, ya yi shiru da gangan.

"Sakatariya, ke za ki fara sa hannu," in ji shi. "Ɗan'uwanki ne. In ke kika ce bai faɗa ba, wa zai musa?"

Kowa ya zuba mini ido. Wata ta dafa kafaɗata ta ce ta san abin da zafi, amma gaskiya ta fi jini.

Na karɓi biron. Na sa hannu ba tare da na tsaya tunani ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Alhamis, 5:30 na yamma

Na je gidan Malama. Ɗaki biyu ne, mahaifinta a na ciki, rediyo a kusa da kunnensa. Ta ba ni kujera ita ta zauna a hannun kujerar. Tana ta gyara takardun jarrabawar yara, wai ko za ta tafi, ba za ta bar su ba maki ba.

Ta ce, "Maman 'yata, in aka sake ƙuri'ar, kina ganin akwai hali?"

Na ce akwai.

Ta ce, "Ni abin da ya ɗaure mini kai, mutumin nan. Shi ya gyara mini famfon ɗakin gwaji sau uku bai karɓi komai ba. Ban zaci zai yi haka ba."

Na ce mutane sai a hankali. Ni na faɗi haka, da bakina.

Ina gaya wa kaina don ita nake yi. In ƙaryar nan ta dawo mata da aikinta, ai ta yi amfani. Na faɗa wa kaina haka a mota, na faɗa a bakin ƙofa, na faɗa ina wanke kwanuka.

Juma'a, 3:00 na yamma

Gidan Inna, kamar kullum Juma'a. Na so in ƙi zuwa, amma rashin zuwan ya fi zuwan surutu.

An riga an baza hoton Yaya a waya, an rubuta "Maguɗi" a goshinsa da jan rubutu. Matarsa ta amsa gaisuwata da hanci. Inna ba ta da waya mai hoto, amma maƙwabta suna da baki.

Ta ce, "Auta, me nake ji? Yayanki ne ɓarawon ƙuri'a?"

Kafin in yi magana Yaya ya ce, "Inna, harkar makaranta ce. Za ta wuce. Zuba mini ruwa."

"Kai kullum za ta wuce. Ku biyun nan tun kuna yara, ita ta fasa, kai ka ce kai ne."

Ya yi dariya. Da zan tafi ya rako ni bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya tambaye ni ko tankin gidana ya daina ɗiga. Na ce ya daina. Bai daina ba.

Litinin, 12:40 na rana

Na ba wata mata maganin da ba shi ta nema ba. Allah ya sa Oga ya gani kafin ta fita.

Laraba, 6:00 na yamma

An yi zaman amintattu a ofishin shugaban makaranta. Dattawa uku a bayan tebur, fanka tana juyawa tana ɗaga takardu. Mu a dama, Yaya shi kaɗai a hagu da littafinsa a ƙarƙashin hammata. Ya sa rigarsa mai kyau.

Babbansu, tsohuwar ungozoma, ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "'Yata, ke ce sakatariyarsu, kuma ƙanwarsa ce. Tambaya ɗaya zan yi miki. Ya sanar da ke dokar nan kafin ranar, ko bai sanar da ke ba?"

Na ce, "Bai sanar da ni ba."

Ta juya wajensa. "Malam, ka ji."

Na jira. Wallahi wani ɓangare na zuciyata roƙo yake ya tona ni, a gama. Oga ma yana kemis ran nan, ya ji komai, kira ɗaya zai yi masa.

Yaya ya ajiye littafin a kan tebur, ya daidaita shi da gefen teburin. Ya ce, "Hajiya, in ƙanwata ta ce ban faɗa mata ba, to a rubuta haka."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Shi ne abin da zan iya faɗa."

Aka soke ƙuri'ar. Za a sake nan da kwana goma, kuma duk mai ɗa a makarantar zai jefa, ko ya taɓa zuwa taro ko bai taɓa ba. An karɓi littafin daga hannun Yaya har sai an gama bincike. A waje mutanenmu suka yi ta tafi, Lauya ya ɗaga hannuna sama kamar na ci dambe. Ta gefen ido na ga Yaya yana ta fama da babur ɗinsa, ya ƙi tashi. Sai turawa ya yi.

Alhamis, 7:00 na safe

Mun ci. Haka kowa ke rubuto mini.

Asabar, 6:30 na yamma

Na rubuta wa ƙungiyarmu a waya cewa wannan karon gida gida za mu bi. Aka ce shawara ce mai kyau, aka yi mata alamar yatsa sama har guda arba'in. Yau mutum huɗu suka fito. Ƙarfe goma sha biyu saura ni da wata mai ɗinki.

Ashe aikin nan wuya gare shi. Ba mu san gidajen ba. Inda muka sani, ba mu san sunan yaran ba. Wani ya bar mu tsaye a rana, ya ce, "Yau kuka san hanyar gidana? Da matata ta rasu wa ya zo a cikinku?" Wata ta shigar da mu, ta ba mu ruwa, ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Ni fa da farko ina bayan Malama. 'Yata ta amfana da ita. Amma mutumin da kuka zaga, shekara tara yana buɗe zauren nan yana share shi. Ko biro bai taɓa ɗauka ba. In ku ne masu gaskiyar, ni ba na ciki."

Na ce ba zaginsa muka yi ba.

Ta ce, "Ke ba ƙanwarsa ba ce?" Ta karɓi kofinta.

Talata, 2:00 na rana

Oga bai taɓa ɗaga maganar ba. Yau dai ya ce, "Ruwan da ke zuba a bayan kanti, da yayanki zan kira. Ko in nemi wani?" Na ce ya nemi wani.

Alhamis, 6:50 na yamma

'Yata ta ce 'yar Yaya ta daina zama kusa da ita a aji. Ta tambaye ni, "Mama, da gaske Kawu ya yi maguɗi?" Na ce ta je ta yi aikin gida.

An ce Yaya ko gida ɗaya bai shiga ba a wannan karon. Ya ce tunda ana bincikensa, bai dace ba. Tsofaffin matan nan ne ke yawo, su da wasu da ban taɓa gani ba. Kwalin nasa yana hannunsu.

Asabar, 5:45 na yamma

Zauren bai ɗauke mutane ba, sai da aka fito da benci waje. Motoci uku suna ta jigila tun safe. Na ga mai karyayyar ƙafar nan an ɗauko shi a kujera. Na ga mutanen da rabonsu da makarantar tun ranar da suka kawo yaran.

Namu talatin da ɗayan, ashirin da shida suka zo. Lauya ya makara, wai yana hira da gidan rediyo.

Ɗari da goma sha tara sun ce ta tafi. Hamsin da huɗu sun ce ta zauna.

Da yawansu ba Malama suka zo kora ba. Na ji wani yana cewa a layi, shi bai ma san me ta koyar ba, ya zo ne saboda mai famfo. Ranar farko mutum talatin da takwas ne kawai ke son ta tafi. Sauran tamanin ɗin ni na kawo su.

Lahadi, 9:00 na safe

Ƙungiya tana ta rubutu. Wai al'umma ba ta waye ba tukuna. Wai mun yi nasarar ɗaga murya. An fara maganar sabon tattaki.

Litinin, 4:30 na yamma

Na nemi izini a kemis na je makarantar, don na ji yau Malama za ta kwashe kayanta. Na same ta ita kaɗai a ɗakin gwaji, yara sun tashi. Tana naɗe kwalabe da tsohuwar jarida tana jerawa a kabad, wai kada wanda zai zo ya same su a watse. Nata kayan kwali ɗaya ne: littattafai, farar riga, da kofin shayi.

Ta ce, "Maman 'yata, kin zo? Kada ki sa wa ranki damuwa. Kin yi abin da ko 'yar'uwata ba za ta yi ba. Kin tsaya gaban yayanki saboda ni. Ba zan manta ba."

Na tsaya riƙe da bakin tebur. Na ce, "Malama, ya faɗa mini."

"Wa?"

"Yaya. Kwana biyu kafin taron ƙarshe ya zo har kemis, ya ce mu je mu sa hannu. Ni ce ban gaya wa kowa ba. Da na faɗa, da tun ranar farko kin ci, hamsin da biyu da talatin da takwas."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ƙarasa naɗe kwalbar da ke hannunta, ta sa a kabad, ta rufe, ta ajiye makullin a kan tebur.

Ta ce, "Ranar tattakin ke nan."

Na ce e.

"Na gan ki a bidiyon. Kin yi magana mai kyau."

Ta sunkuya ta ɗauki kwalin. Na miƙa hannu zan karɓa, ta kauce.

Ta ce, "A'a. Riƙe mini ƙofar kawai."

Na riƙe. Ta wuce.